Naman Sunan da Helima Ya Ci

Akwai mutum guda da har yau, in na idar da salla na ɗaga hannu, ba na sa shi cikin waɗanda na yafe wa. Ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa, ni ma ga ni a bakin hanya. Malamai sun yi mini nasiha, jikoki sun yi mini dariya, amma ban sa shi ba. Ku gyara zama ku ji dalili, sannan kowa ya yanke abin da ya ga ya dace.

A shekarun nan ne da ruwan sama ya juya mana baya. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, dawa ta yi kai babu ƙwaya, abin da rana ta bari fara ta zo ta kwashe. Mu mutanen karkarar Minjibir gonakinmu manne suke da juna, kowa da ɗan tsaginsa, babu dajin da mutum zai ce bari ya ƙara gaba ya sare. Rumbuna suka koma ɗakin kaji, kajin ma aka kai su kasuwa. Mun ci tafasa, mun ci rama babu ƙuli, mun tuƙa dusa mun kira ta tuwo. Daga birni kuwa labari yake zuwa cewa ko sabulu sai an yi layi.

Maigidana ya riga ya rasu, ya bar ni da ƙananan yara. Abin da ya riƙe gidan a lokacin, bayan ikon Allah, hannun babbar 'yata ne, ta farin.

Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, kun dai ji ana faɗa. Mu da muka haihu a wancan zamani, na farin ba ma kiran sunansa. Ba ma goya shi a gaban mutane, ba ma yi masa wasa, in an tambaye mu ɗan wane ne sai mu kalli ƙasa. Ita wannan yarinya surukata ce ta raine ta. Tun ranar da liman ya raɗa mata suna, sunan bai taɓa hawa harshena ba. In zan kira ta sai in ce, “Ke,” ko in ce wa ƙannenta, “Ku kira mini waccan.” Ba ƙiyayya ba ce. Da za a tsaga ƙirjina a lokacin, ita za a fara tararwa. Amma haka muka taso muka gani, kuma mace da wannan ake auna tarbiyyarta.

Ta yi aure a ƙauyen da ke yamma da mu. Da yunwa ta yi tsanani mijin ya tafi cirani kudu, ya bar mata izinin ta nemi abin yi. A bakin titin da ya nufi birni akwai wani kamfanin matsar man gyaɗa. Gyaɗar ƙasarmu ta mutu, amma su ana kawo musu daga nesa cikin manyan motoci. Suna ɗaukar mata aikin tsinta: a zube gyaɗa a doguwar tabarma, mata su jeru suna fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓiya kafin a kai wa inji. A nan ta samu shiga, aka rubuta ta cikin masu albashin wata. Da wannan albashi ake ɗora tukunya a gidan surukanta, da shi ake ɗorawa a nawa.

Mai kamfanin ba mu taɓa ganinsa ba. Manaja baƙo ne, Hausarsa ba ta wuce sannu da yawwa ba. Wanda ke tsakanin manaja da mata shi ne helima, wato shugaban leburori. Shi ke riƙe da ƙofa, shi ke faɗin wadda ta zo da wadda ba ta zo ba, shi ke buga wani guntun ƙarfe da aka rataye a jikin darbejiyar bakin ƙofa in lokacin shiga ko na tashi ya yi. Wannan helima ɗan ƙasarmu ne. Gonar ubansa da ta maigidana iyaka ɗaya ce ta raba su. Na san shi tun yana yawo babu wando, da hannuna na sha ɗebar masa fura.

Mijin ya zo ganin gida sau ɗaya ya koma, sai ga ciki. Na fari kuwa. Yarinya ta ƙara faɗin mayafi, ta ci gaba da zuwa aiki, ba ta ce wa kowa komai ba, ba wanda ya ce mata komai. Ai ba a faɗa. Ciki shi ke faɗin kansa. Da ya tsufa, lokacin dawowa gidan iyaye ya yi kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, sai ta tsaya a gaban helima, kanta a ƙasa, ta ce, “Zan je gida.”

Ya dubi mayafin ya yi murmushi ya ce, “To, Allah ya raba lafiya.”

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan, kuma a wurinmu ya isa, har ya yi yawa.

Ta sauka lafiya, namiji. Dangin uban ba su da ko zakara. Ni kuwa ina da ɗan akuya guda, wanda na ɓoye wa yunwa, na ƙi sayarwa ko ranar da yara suka wuni da ruwan kanwa. Na sa aka ja shi ta bayan gari aka kai gidan surukan, don da safiyar suna a ga kamar daga wurinsu ya fito. Helima ya zo sunan. Da idona na hango shi ta jikin dangar kara, zaune a tabarmar maza, ya karɓi goro, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha da shi.

Da aka raba nama, na ware cinya guda, mafi tsoka, na rufe a kwano na ɗauka da kaina. Yarana suna bin kwanon da ido har na fita. Na same shi a zaurensa yana sauraren rediyo.

Ya ce, “Kai, Iya! Har da wahala haka? A wannan marra?”

Na ce, “Ba yawa. A dai riƙa duba mana wurin yarinyar nan.”

Ya buɗe kwanon ya leƙa, ya haɗiyi yawu. Ya ce, “Wurinta na nan kamar ta dasa shi. Ta yi wankanta a tsanake.”

Muka shiga wankan jego. Itace ya yi tsada, da kara da kashin shanu nake tafasa ruwan safe da na yamma, in tsoma ganyen darbejiya in yi ta fyaɗa mata. Kunun kanwa kuwa, in na dama mata sai in ce ni na riga na sha. Jaririn ina kiransa maigidana, ina yi masa tsiya cewa ya zo babu ko kuɗin cefane. Haka har aka yi arba'in.

Washegari ta yi shiri, ta ba yaron nono ya ƙoshi, ta miƙo mini shi ba tare da ta dube shi ba, ta kama hanyar kamfani. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga ta ta dawo. Ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado. Sai da na matsa mata sannan ta faɗa. Helima ya tare ta a ƙofa ya ce an sallame ta, wai ta gudu daga aiki babu sanarwa. A wurin zamanta kuwa, a kan tabarmar tsinta, ƙanwar matarsa ce zaune. Da ta tsaya tana kallonsa, sai ya nuna mata ofis ya ce, a gaban mata da direbobi, “In kina da hanzari ga manaja can. Je ki faɗa masa da bakinki inda kika je, da abin da kika je yi.”

Ku riƙe wannan maganar, don ita ce ban yafe ba. Da baƙo ne ya kore ta, da na ce rashin sani ne. Wannan kuwa ya san ba za ta iya ba. Ya san ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta tsaya gaban namiji ta ce na haihu ba. Ya ɗauki tarbiyyar da muka ba ta ya ɗaure ta da ita, kamar yadda ake ɗaure akuya da igiyar gidansu.

Na yafa mayafi na tafi. Na same shi a gindin darbejiyar nan yana sakace.

Na ce, “Ɗan nan, me yarinyar nan ta yi maka?”

Ya ce, “Iya, aikin kamfani ba gayya ba ce da za a ce wance na jego a yi mata uzuri. Turawa suka tsara abinsu.”

Na ce, “Ka ce mini wurinta na nan.”

“Yana nan mana. Ga shi can, da mutum a kai.”

Direbobi suka fashe da dariya. Na ce, “Naman fa?”

Ya cire tsinken daga bakinsa ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, “Naman suna ai sadaka ne, Iya. Ko so kike in amayo miki?”

Ban ce masa Allah ya isa ba. Allah ya isa ta yi masa sauƙi, sai an je can. Ni a nan nake so in gani, da idon nan nawa. Na juyo ina tafe ina jin ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa, na rantse a raina cewa sai na ga ranar da bakin nan zai nemi yawu ya rasa.

Amma rantsuwa ba ta cika tukunya. Hatsin da ya rage ya fara ganin gindin kwarya. Mai shayarwa in ba ta ci ba, yaro ba zai sha ba, kuma a shekarun nan mun ga yadda ake ɗaukar jarirai a tabarma ana fita da su. Na sayar da tasoshin aurena ɗaya bayan ɗaya. Kullum in na ɗaga maigidan nawa sai in auna shi a hannu, in ji ko ya ragu.

Akwai wata ƙawata da muke zaman sayar da daddawa tare ranar kasuwa. 'Yar mutanen tsallaken rafi ce, waɗanda kakanninsu ke kan addinin gargajiya, su kuma suka shiga coci. Ita na fara buɗe wa cikina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ai kuwa ya taka doka. Gwamnati ta hana a kori mace don ta je haihuwa.”

Na ce, “Ke dai da zance. Gwamnatin da ba ta san mun ci dusa ba ita ce ta san jego?”

Ta ce, “Zo ki ji daga bakin maigidana.”

Mijinta ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a birni kafin a rage ma'aikata, ya zauna cikin 'yan ƙungiyar ƙwadago. Ya ajiye fartanyar da yake gyarawa ya yi mini bayani a hankali. Ya ce gaskiya ne mai kamfani yana da ikon sallamar ma'aikaci, amma ba kowace kora ce ta halatta ba. Akwai wadda in an yi ta, wanda ya yi ta shi ne mai laifi. Korar mace tana kan hutun haihuwa na cikinsu. Ya ce akwai ofishin ƙwadago a birni da aka kafa don irin wannan, kuma ba a tambayar mutum ko ya yi boko kafin a saurare shi.

Na sayar da tasa ta ƙarshe muka shiga mota ni da shi. Aka saurare mu, aka sa rana, aka ce za a kira manaja da helima, mu kuma mu zo da mai ƙarar.

Nan aka sha fama. Yarinya ta ce, “Inna, in je in ce me a gaban maza?”

Na ce, “Ba sai kin ce komai ba. Ki dai tsaya su gan ki.”

Haka na zata. Na ɗauka ko'ina kamar garinmu ne, inda shiru ma magana ce.

Ranar ta zo. Ni na goya yaron na rufe shi da mayafi, don ba zai yiwu ta ratsa birni da ɗan fari a bayanta ba. Ofishin a saman bene yake, ga fanka a sama ba ta juyawa. Jami'in da zai saurare mu mutumin kudu ne, ya iya Hausa irin ta zaman birni, amma daga gani bai taɓa kwana a ƙauye ba. Gefe guda wata mata na zaune gaban keken rubutu. Manaja na zaune yana duba agogo. Helima ya sha babbar riga sabuwa, har da turare.

Jami'in ya dubi yarinyar ya ce, “Malama, an ce kin bar aiki. Me ya sa?”

Shiru.

“Haihuwa kika yi?”

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ya nuna bayana ya ce, “Wannan yaron na wane ne? Naki ne?”

Ta juya ta fuskanci bango. Ya sake tambaya, ya kuma sakewa, muryarsa na ƙara gajiya. Mijin ƙawata ya buɗe baki zai yi magana, jami'in ya ɗaga masa hannu ya ce shi rakiya ya yi, ba shi aka kora ba.

Sai helima ya gyara hannun riga ya ce, “Ranka ya daɗe, ka dai gani da idonka. Ni ban san wata haihuwa ba. Ta daina zuwa, na faɗa wa manaja ta daina zuwa. Yaron nan kuwa ga shi a bayan tsohuwa, ko na maƙwabta suka aro wa ya sani? Yunwa babu dabarar da ba ta koya wa mutane.”

Na ga jami'in ya fara tattara abin da ke gabansa. Na ga manaja ya ɗora hannu a kan kujera zai miƙe. Sai jami'in ya dube ni, kamar wanda ya tuna da ni a makare, ya ce, “Ke kuma Mama, mece ce ke a wurinta?”

Jama'a, na haihu sau da dama, na binne miji, na binne 'ya'ya, amma ban taɓa jin nauyi irin na wannan tambaya ba. Uwata ba ta taɓa faɗa a kaina ba. Uwarta ba ta taɓa faɗa a kanta ba. Na dubi helima, sai na ga yana murmushi. Ya san ita 'yar fari ce. Ya ɗaure 'yar, yana jiran igiyar ta kama uwar.

Na miƙe tsaye. Na ce, “'Yata ce. Ni na haife ta, ita na fara haifa.” Sannan na kira sunanta. Da ƙarfi na kira shi, har matar nan ta ɗago daga kan kekenta. Na ce, “Wannan da ke bayana ɗanta ne, a ɗakina ta haife shi, ni na binne mabiyiya, ni na yi mata wanka.”

Yarinyar ta juyo ta dube ni kamar ta ga na tuɓe zane a kasuwa.

Ƙarar muryata ta tayar da yaron, ya tsala kuka. Kuma kun san jikin mai shayarwa ba ya shawara da kunya. Tana tsaye a wurin, gaban rigarta ya jiƙe, har ya ɓullo ta mayafi. Matar mai keken rubutu ta faɗa wa jami'in wata magana da Turanci, ta taso ta kama hannun yarinyar, ta kwance yaron daga bayana, ta shige da su wani ɗaki. Kukan ya ɗauke ɗif. Duk wanda ke wurin ya ji yadda ya ɗauke.

Jami'in ya ce, “To, haihuwa ta tabbata. Saura ko kamfani ya sani.”

Helima ya ce, “Wallahi ni...”

Na ce, “Kada ka ƙarasa, ɗan nan, akwai lahira. Ranka ya daɗe, a tambaye shi, ya ci naman sunan yaron nan ko bai ci ba?”

Jami'in ya ce wane nama kuma. A nan ya bar mijin ƙawata ya yi bayani: ranar suna, da yanka, da yadda ake aika wa mutum kasonsa har gida. Aka juya wa manaja da Turanci. Na ga wuyan manaja ya fara kumbura.

Helima ya ce, “Sunaye ai da yawa, mutum ba zai tuna...”

Na ce, “A wannan shekarar? Gida nawa aka yi yanka a ƙasarmu bana? A kawo Alƙur'ani ya dafa ya ce bai ci ba, ni kuma in sauka daga benen nan in bar maganar har abada.”

Gumi ya tsattsafo wa helima a goshi ya gangaro cikin sabuwar rigar. Ya motsa baki, babu yawu. Na tsaya ina kallo, ban ƙifta ba, don wannan na sayar da tasoshina in gani.

Can ya ce, “Na ci.”

Na ce, “Ban ji ba, kunnen tsufa.”

“Na ci.”

“Wane wuri aka kai maka? Ƙafa ce ko kai?”

Ya ce, “Cinya.”

Na ce, “Ranar nan ka tambaye ni ko ina so ka amayo mini. To, yau ina so. Ga wuri.”

Jami'in ya rufe bakinsa da hannu, ya ce, “Ya isa, Mama, zauna.” Ya ce a gaba in mace za ta tafi haihuwa ta kawo shaidar asibiti, don kada a sake irin wannan. Amma tunda mutumin da kamfani ya ɗora a kan ma'aikata ya san inda ta je, korar ba ta halatta ba. Ko a mayar da ita wurinta da duk haƙƙinta na hutun, ko maganar ta wuce kotu. Ya ƙara da cewa doka ta ba mai shayarwa dama ta fita sau biyu a wuni ta ba ɗanta nono.

Manaja ya amince nan take. Sannan ya juya kan helima yana faɗa yana nuna ƙofa, ba sai an fassara mini ba, na gane korarsa yake yi. Zuciyata ta yi fari tas. Sai jami'in ya buga tebur ya ce a'a. Ya ce helima ma ma'aikaci ne, ba a korarsa cikin fushi a tsaye, sai an bi ƙa'ida an ji ta bakinsa.

Raina ya ɓaci. Na ce wa mijin ƙawata, “Wace irin doka ce wannan, mai rufe ni ta rufe maƙiyina da zane ɗaya?” Ya ce haka take, shi ya sa ake kiranta doka. Muna cikin mota a hanyar komawa ina ta juya abin, sai na tuna da maganar shayarwa sau biyu a wuni, na tuna wanda ke riƙe da ƙofa. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, har kwandasta ya waiwayo.

Ba su kore shi ba. Sun karɓe masa ikon ɗauka da sallama, suka bar shi da ƙofa da guntun ƙarfensa. Ƙanwar matarsa ta koma gida, yarinyata ta koma kan tabarmarta, tukunya ta koma kan murhu a gida biyu.

Ni kuwa kullum sai in goya maigidana in taka har bakin kamfani, in shimfiɗa ɗan buhuna a gindin darbejiya, daidai inda ya tsaya yana sakace. In hantsi ya yi sai in ce, “Helima, maigida na jin yunwa. Buga.” Ya tashi ya buga ƙarfen, ya leƙa ciki ya ce mai shayarwa ta fito. Bayan azahar haka. In ya yi jinkiri sai in ce, “Ko in koma benen nan ne?” In zan tafi in ce, “Sai gobe. A gaida mutanen gida, a ce ina tambayar ya cinya.” Direbobin da suka yi mini dariya suka koma yi masa. Matan tsinta kuwa, in ya wuce ta bayansu, sai ka ji wata ta yi kukan akuya ƙasa-ƙasa, a rasa wace ce. Rana, iska, damina, ban fasa ba har aka yaye yaron. Ya yi ƙiba, ya yi wayo, a gindin bishiyar nan ya fara tafiya, kuma rigar helima ya fara kamawa ya miƙe.

Za ku ce to ai na rama, me ya rage? Abin da ya rage shi ne abin da na kashe a benen nan. Labari ya riga mu isowa gida. Aka yi ta faɗa a bakin rijiya cewa wance ta kira sunan 'yar farinta a gaban maza, har da wani baƙo. Tsofaffin da nake jin nauyinsu suka daina aiko mini in an yi haihuwa. Yarinyar kanta ta daɗe ba ta haɗa ido da ni ba. Akuya ana sake haifar wata, tasa ana sake saye. Kunya kuwa tun ina budurwa nake tara ta, ya sa na zubar da ita a wuni ɗaya, don ya samar wa ƙanwar matarsa wurin zama.

Shekaru suka tafi. Kamfanin ya rufe, ruwan sama ya dawo, maigidan nawa ya girma ya yi aure ya haifi nasa. A makon sunan ne aka aiko cewa helima na kwance, jiki ya ƙi, yana neman gafarar duk wanda ya ɓata wa, ya kuma ambace mu. 'Yata ta ce ta yafe duniya da lahira. Aka juyo ana kallona.

Na tashi na je inda ake rabon naman suna, na zaɓi cinya mafi tsoka, na rufe a kwano, na ce a kai masa. Aka ce da wane saƙo? Na ce babu saƙo, zai gane.

Wadda ta kai ta ce da aka buɗe kwanon ya daɗe yana kallo, sannan ya juya fuskarsa bango.

Sunan 'yata kuwa, daga ranar nan a bene har yau da nake ba ku labari, bai sake hawa harshena ba.